Sitod Ɗin da Ya Ƙi Fita: Nasiha ga Samari Masu Tayar da Inji a Hartum da Omdurman

Ƙannena masu koyon kanikanci, da ku da dole ta sa kuka ɗauki sufana a tsakar gida, maganata yau a kan wani ɗan ƙarfe ce wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi kaɗai yana iya sa a yar da bulok ɗin inji ɗungurungum. Sitod nake nufi, dogon ƙarfen nan marar kai mai tiredi sama da ƙasa, wanda gindinsa ke ɗaure cikin bulok, a zuro tof silinda ta kansa, sannan a danne da noti. Ranar da aka sa shi a masana'anta, da yatsu ma yana murɗuwa. Bayan shekara ashirin yana shan zafi da ruwa, sai ka tarar ya kafe ya ƙi ko motsi. A gaban irin wannan sitod ake gane yaron da zai zama usta, wato gwani a sana'a, da wanda zai ƙare yana ɓarnar kayan mutane.

Samarin Hartum da Omdurman da Bahri ne a zuciyata, domin a yanzu babu inda maganar ta fi zama dole kamar can. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, mutane suka fice suka bar motoci a ƙofar gida da gareji da bakin titi. Sai a Maris 2025 sojoji suka karɓe tsakiyar Hartum, jama'a suka fara komowa. Motar da ta tsira daga sata da gobara ta sha damina biyu a tsaye, ga ƙurar habub, wata an cire mata batir da lagireto da wayoyi an bar bonet a buɗe, ruwan sama ya gangara inda bai kamata ba. Haka injunan ban ruwa na bakin Nilu, haka janareto, haka raksha, wato babur mai ƙafa uku. Mai abin ba shi da kuɗin sabo, wani ma ba shi da na gareji. Ɗansa ko ƙanensa ne zai shimfiɗa buhu a ƙasa ya buɗe injin da kansa. A cikin waɗannan samari akwai namu, jikokin mahajjatan da suka taso da ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato suka zauna a hanya, da zuriyar waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Amma wanda ke Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna shi ma ya kasa kunne, domin tsatsar can da ta nan duk hali ɗaya gare su.

Kun gaji sana'ar da ta isa a yi alfahari da ita. Babbar motar Bedford ƙirar TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, mutanen Sudan ke kira sifinja, kamfaninta ya rufe sashen manyan motoci tun shekarun 1980. Duk da haka maƙeran Shendi da El Obeid da sauran birane suka ci gaba da wargaza ta suna sake ginawa, suna ƙarfafa shasi da sifirin, har ta riƙa ratsa yashin Kordofan da Darfur ɗauke da kayan da waɗanda suka zana ta ba su taɓa zato ba. Wani masani Bajamushe, Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth, ya bi waɗannan gareji ya yi rubutu a kan fasaharsu. Daga baya takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017, da ƙarancin dala bayan ɓallewar Kudu a 2011, wadda ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, suka ƙara koya wa makanikan unguwar masana'antu ta Omdurman cewa abin da ke hannu shi ake lallaɓawa. Darasin da dattawan nan suka riƙe, wanda saurayi mai jini a jika ke mantawa, shi ne wannan: sitod ana sayen wani, ko a sa mai makhrata, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya sassaƙa, amma ramin da yake ciki guda ɗaya ne, kuma a jikin bulok yake. Duk abin da za ka yi daga farko har ƙarshe, ramin nan kake karewa.

Sai ka san abin da ya riƙe shi kafin ka yi faɗa da shi. A injuna da yawa ramin sitod yana kusa da hanyar ruwa, wani ma ya huda har cikinta. Idan ruwa ya samu tiredi, tsatsa ta tashi, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, saboda haka sai ta cika ɗan sararin da ke tsakanin haƙoran tiredi ta matse su. Idan kuma tof ɗin na alminiyam ne, ga wata masifar. Baƙin ƙarfe da alminiyam in suka haɗu akwai danshi a tsakani, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa, ya fitar da wani farin gari mai tauri ya cika ramin da sitod ya ratsa. Wannan farin garin shi ke sa ka kwance noti duka amma tof ya ƙi ɗaguwa. Ɓangaren salansa kuma zafi ne ke gasa ƙarfen yana sakinsa kullum har ya gaji ya yi gautsi.

Tambayar farko da nake so ka yi wa kanka ita ce: dole ne ya fita? Yawancin motocin da ke yawo a Hartum yanzu, boksi, wato a-kori-kura, da Hyundai ɗin da aka riƙa haɗawa a masana'antar Giad, da dogayen noti masu kai ake ɗaure tof ɗinsu, sitod sai a wajen salansa. Inda za ka ci karo da sitod na tof shi ne tsofaffin injuna, irin Lister na ban ruwa da niƙa da 'yan'uwansa na Rajkot a Indiya, da babura, da Basuwaja ƙirar Beetle. Idan sitod yana tsaye daram, bai lanƙwashe ba, tsatsa ba ta rage masa kauri ba, noti yana bin tiredinsa lafiya, kuma ba za a kai bulok a goge fuskarsa ba, ka bar shi inda yake. Ba kowane abu da ke kwantuwa ne ake kwancewa ba. Samari da yawa sun karya sitod lafiyayye don kawai suna son su ga bulok fes. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

In tof ne ya maƙale, ka tabbata inji ya huce sarai, ka sassauta noti daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, don kada tof ya karkace. Ka duba ko akwai wani ɗan noti da ya ɓuya ƙarƙashin baƙin mai, domin sau da yawa shi ne duk rigimar. Daga nan ka ɗiga mai a gindin kowane sitod ya gangara, ka bubbuga gefen tof da katako. Abin da na hana ka, ko da wa ya ce ka yi, shi ne ka kafa sukundireba ko cizal tsakanin tof da bulok ka doka. Fuskokin nan biyu su ne ke riƙe gasket, tabo ɗaya ya isa ya sa ruwa ya haɗu da mai bayan ka gama wahala. A injin fetur mai sandunan tura bawul akwai dabarar igiya: ka cire abin da ke danna bawul don duk su rufe, ka cire fulogi, ka saukar da fistin, ka cusa igiyar auduga mai laushi ta ramin fulogi ka bar jelarta a waje, sannan ka juya inji da hannu a hankali. Fistin zai danna igiya, igiya ta ɗaga tof daga ciki. Da hannu na ce, ba da kik ba.

Yanzu ga ka ga sitod. Ka goge gindinsa da buroshin waya har ka ga inda ya shiga bulok. Ka zuba masa man da ke ratsa tsatsa. In babu na kanti, gas ko kananzir ma suna yi, wasu kuma suna haɗa man giya na otomatik da asiton rabi da rabi. Ka ɗaura tsohon noti a kansa don kada tiredi ya baje, ka doke shi da guduma daga sama, duka gajere mai kaifi, sau da dama. Dukan yana farfasa tsatsar da ke ciki ya buɗe wa mai hanya. Sai ka ƙara mai, ka tafi harkarka. Matar da ta iya girki ba ta kankare ƙanzo da wuƙa har ta huda tukunya, jiƙa shi take yi ya kwana. Ka dawo da safe ka sake duka, ka sake mai. Injin da ya yi shekara biyu a tsaye, kwana biyu ko uku na jiƙo ba za su kashe kowa ba. Na san mai mota yana tsaye a kanka yana cewa da ita zai nemi abincin iyali, kuma gaskiya yake faɗa. Ka gaya masa cewa in sitod ya karye a ciki, kwanakin za su koma makonni.

Hanyar murɗawa ta farko ita ce noti biyu. Ka ɗaura guda, ka ɗaura na biyu a kansa, ka riƙe su da sufana biyu ka matse su da juna sosai, sannan ka kama na ƙasa ka juya hagu. Ka saukar da su kusa da bulok iyakar inda tiredi ya ba da dama, domin dogon sitod in aka kama shi daga can sama, murɗewa yake yi kafin ƙarfin ya isa gindi. Ka yi amfani da sufana mai zobe wadda ta zauna daidai. Kafin ka kwance, ka ɗan ɗaure shi tukuna, ɗan kaɗan, wannan motsin na baya yakan karya riƙon tsatsa. In ya motsa ko da ƙanƙani, kada murna ta ɗebe ka ka zarce. Ka mayar da shi, ka ɗiga mai, ka sake kwancewa ya ɗan wuce na farko, ka mayar. Gaba da baya, gaba da baya, kowane zuwa yana niƙa tsatsar yana jawo mai ciki.

Nan ne wurin da nake so ka fi daɗewa kana tunani, domin nan ake yin ɓarnar. A kowane gareji akwai wani dogon bututu da ake zura wa sufana don ƙarin ƙarfi, kuma hannun yaro yana son zuwa wajensa. Yi lissafi da kanka. Saurayi mai nauyin kilo 70 in ya rataya a ƙarshen bututu mai tsawon mita 1, ya ɗora wa sitod murɗi na kusan Nm 700. Sitod mai kaurin milimita 10, ko da na ƙarfe mai kyau ne, bai kai ya jure Nm 100 na murɗi ba zai tsinke. Wato tun kafin ka ji ka fara yin ƙarfi, ka wuce iyakarsa sau da yawa. Shi ya sa gajeriyar sufana ta fi maka, domin tana barin tafin hannunka ya ji abin da ƙarfen ke yi. Ka ja layi da alli daga jikin sitod zuwa fuskar bulok. Idan sama tana juyawa amma layin gindi bai raba ba, ba kwancewa yake yi ba, murɗewa yake yi. Sitod mai shirin fita yakan yi ƙara ƙas, ya saki lokaci guda, sannan ya riƙa kuka yana tafiya. Mai shirin karyewa shiru yake yi, sai ka ji sufana ta yi taushi a hannunka, tana tafiya ba tare da turjiya ba. Da ka ji wannan taushin, ka saki nan take. Ba a koyon wannan da karatu. Ka samo tsofaffin noti a juji, ka ɗaure su a bais, ka murɗe su da gangan har su karye, don hannunka ya san yadda abin ke zuwa kafin ranar da zai zo maka a kan injin wani.

In mai da duka sun gaza, sai wuta. Hikimar ita ce ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, kuma kowane iri da gwargwadonsa: alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka in sitod yana cikin alminiyam ne, kamar a babur, ka ɗumama naman da ke kewaye da shi, ramin zai saki. Amma ka kula, alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Yana nan da launinsa har ya kai digiri 660 ya narke ya zube. Zafin da za ka ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ƙafe nan take ya wadatar. Bulok na ƙarfen zubi kuwa buɗewarsa kusan ɗaya da ta sitod, kuma ba ya son a tsaya masa da wuta a wuri guda, ba ya son a kwara masa ruwan sanyi yana da zafi, tsagewa yake yi. A nan abin da ya fi shi ne a gasa sitod ɗin kansa kusa da gindi har ya fara ja, a bar shi ya huce da kansa. Yayin da ya kumbura ya murƙushe tsatsar, da ya huce sai ya koma ya bar sarari. Kada ka murɗa shi yana ja, lokacin ya fi kowane lokaci laushi. Kuma sitod ɗin da ya sha irin wannan wuta ya gama aiki, ba ya komawa inji.

Kafin ka kunna wutar, don Allah ka duba kewayenka. A gida kake, ba a gareji ba, akwai yara, akwai galan ɗin fetur da aka ɓoye a lungu saboda tsada. Ka cire tiyon mai, ka nisantar da tanki da tsummoki, ka goge kananzir da asiton ɗin da ka zuba, ka ajiye bokitin yashi kusa. Wasu magungunan wanke birki na gwangwani in suka ji wuta suna fitar da iska mai guba, kada ka gasa inda ka fesa su. Ka sa tabarau in za ka doki ƙarfe. Sannan a Hartum ta yau akwai abin da iyayenku ba su sani ba a sana'ar nan: harsasai da rokokin da ba su fashe ba suna nan cikin gidaje da tarin ƙarafa. Duk ƙarfen da ba ka gane ba a juji ko a cikin motar da aka bari, kada ka taɓa, kada ka mayar da shi maƙera, ka sanar da hukuma.

Idan tiredin sama ya sule noti biyu ba sa kamawa, akwai abin cire sitod mai 'yan ƙarafa a ciki da ke damƙe jikinsa, akwai sufanar masu gyaran famfo, akwai filaya mai kulle. Duk suna cizon ƙarfe, saboda haka sai ka yanke shawarar yar da sitod ɗin za ka kai gare su. Ka kama can ƙasa, ka shimfiɗa ɗan gwangwani a fuskar bulok don kada haƙoransu su karce ta.

To, a ce ya karye. Ka ajiye sufana, ka sha ruwa, kada ka yi komai cikin fushi. In ya bar ɗan kututture a sama, ko ya karye daidai da fuska, mafi alherin magani shi ne walda. A ɗora washa mai kauri wadda raminta ya yi daidai da kututturen, a liƙe su da walda, sannan a ɗora babban noti a kan washar a cike cikinsa. Waldar tana yin aiki biyu, ta ba ka abin kamawa, zafinta kuma ya ratsa har gindi ya karya tsatsa. Ba ta kama alminiyam, ƙarfen zubi ma ba ta kama shi da sauƙi, shi ya sa ramin ke tsira. A cire batir, a cire wayar kwamfutar mota in tana da ita, a maƙala wayar ƙasa a jikin bulok kusa da wurin aikin don kada wuta ta bi ta cikin beyarin, a rufe silinda da jiƙaƙƙen tsumma saboda tartsatsi. A bari ya huce kafin a murɗa. In notin ya ɓalle, a sake wani. Kowace walda ƙara sassauta shi take yi, kuma ba ta rage komai daga bulok.

Huda da diril ita ce ta ƙarshe, domin ita ce hanyar da kuskurenta ba ya gyaruwa. Sai an goge kan kututturen ya yi sumul, an ɗiga alama a tsakiyarsa cif, an fara da siririn baki kamar milimita 3, a miƙe sambal, ana ƙara girma mataki-mataki. A naɗa salatif a bakin diril a matsayin iyakar zurfi, don kada a zarce cikin hanyar ruwa. In an samu bakin diril mai juyawa hagu, ya fi, domin sau da yawa yana cikin ci sai ya kamo kututturen ya fito da shi. A sitod na milimita 10 mai tazarar tiredi 1.5, ba a wuce baki mai 8.5, abin da ya rage ɓawo ne siriri da ake tsincewa da tsinin ƙarfe. Akwai kuma wani tsinken da ake sayarwa, mai murɗin hagu, a ce a huda a kafa shi a juya. Ina roƙon ka ka nisance shi a kan sitod mai tsatsa. Yana shiga ne kamar weji, ya ƙara buɗe kututturen ya matse shi a ramin. Ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai, mai gautsi, kuma in ya karye a ciki, bakin diril na yau da kullum ba ya cin sa. Matsalar kwana ɗaya ta zama wadda sai injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, irin wanda ba kowane gari ke da shi ba.

Gaskiyar magana, diril ɗin hannu a tsakar gida, ga wutar lantarki da ba ta tsayawa, ga bulok a ƙasa yana rawa, da wuya ya ba ka rami miƙaƙƙe. Masu makhrata suna da injin da ke riƙe bulok ya sauko da baki a tsaye. Ɗaukar bulok a raksha zuwa wajensu ba gazawa ba ce, kuma kuɗin da za su karɓa a kan kututturen da ba a taɓa ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda ka riga ka huda a karkace. In kuma a ƙarƙashin wani kake koyo, ka je ka same shi tun abin yana ɗanye ka ce, “Usta, sitod ya karye a hannuna, ban ƙara taɓa shi ba.” Zai yi faɗa, wataƙila ya yi da yawa. Amma yaron da ya ɓoye, ya cusa guntun sitod da gam ya rufe tof a kai, ya ci amanar mutum biyu, maigidansa da mai mota, kuma injin zai tona shi a tsakiyar hanyar Madani ko ta Shendi da fasinjoji a ciki.

Bayan ya fita, kada ka yi gaggawar zura taf. Ka fara sanin irin tiredin. Tsofaffin injunan Ingila da inci aka yanka su, wasu a kan ma'aunin da Joseph Whitworth ya tsara tun 1841, mai kusurwar digiri 55, alhali na milimita 60 ne. A ido suna kama, noti ma yakan shiga zagaye biyu kafin ya cije. Wanda ya tilasta taf na milimita a ramin inci ya kashe ramin da hannunsa bayan duk wahalar da ya sha wajen ceto shi. Ka tafi kasuwa da tsohon sitod a aljihu, ka haɗa haƙoransa da na sabon ka ɗaga su ga haske. Don share rami, tsohon sitod lafiyayye da aka tsaga masa layi biyu a tsaye da zarto ya fi taf, domin yana kwaso datti ba ya yankar nama. In tiredin ramin ya riga ya lalace, akwai zoben waya na Helicoil da ake sakawa bayan an faɗaɗa ramin da nasa taf ɗin, ko mai makhrata ya dasa bushi. Kada ka yarda a sassaƙa maka sitod na tof da rodin gini. Ƙarfen da ke riƙe tof mai daraja ne, irin wanda ake buga wa lamba 10.9 ko 12.9 a kan noti, rodi kuwa miƙewa zai yi da zafin farko gasket ya ƙone.

Ramin da ba ya ɓullewa, ka tsane shi tas kafin ka ɗaura komai. Mai ko ruwa in ya kwanta a gindinsa ba ya matsuwa, kana ɗaurewa zai nemi hanya ya tsaga bulok daga ciki. Wanda ya ɓulle cikin hanyar ruwa kuma a shafa wa tiredinsa gam mai hana yoyo. Shi sitod da hannu ake shigar da shi har ya zauna, a ɗan ƙara kaɗan. Ƙarfin ɗauri na noti ne a sama. Ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar tof ka duba ko ta karkace kafin ka sa sabon gasket. Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya fita gefe, mataki biyu ko uku, da sufana mai awo, a kan adadin da masu injin suka rubuta. In ba ka da ita ka ara, ana aronta. Injunan zamani da yawa notin tof ɗinsu ana ɗaure shi ne har ya ɗan miƙe, irin waɗannan ba a maimaita su. Tsofaffin injuna kuma da yawa suna son a sake bin ɗaurin bayan sun yi zafi sun huce a karon farko.

Saura ruwan lagireto. Da yake a Hartum zafi yana haura digiri 40 a Mayu da Yuni kuma ruwa ba ya daskarewa, mutane suna ɗauka koren ruwan nan na kanti na ƙasashen sanyi ne, sai su cika da na famfo ko na kogi. Alhali a cikinsa akwai maganin da ke hana tsatsa da cin alminiyam, kuma rashinsa ne ya haifi yawancin sitod ɗin da muke ta fama da su. Ka wanke hanyoyin ruwa kafin ka rufe inji, ka zuba shi gauraye da ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikin galan, ka gaya wa mai mota ya riƙa canzawa duk shekara biyu, kuma in ya ragu a hanya kada ya ƙara da ruwan kududdufi.